Yadda ake gano matsalar bututun dawo da iska bayan an kafa na'urar ɗumama gida ba daidai ba

A gidaje da yawa na Amurka da Kanada, na'urar ɗumama gida tana zuƙo iskar ɗakuna ta wani babban bututu, ta gasa ta, sannan fanka ta hura ta cikin gida. Abin da ba ta zuƙo ba, ba za ta iya hurawa ba. Shi ya sa idan an kafa sabuwa kuma ka ji tana kunna kanta tana kashewa bayan 'yan mintuna, ragar bango tana fito, ɗakuna kuma sanyi ƙalau, to fara zargin hanyar dawowar iska.

Da farko kashe wutar na'urar, ka zaro filta, wato matatar da ke tace ƙurar iska. Kibiyar da ke gefenta dole ta kalli fanka. Duba ko an bar ta cikin ledarta, don hakan na faruwa, haka ma takardun na'urar da ake mantawa a cikin akwatin fanka. Filta mai kaurin inci 1 da lambar MERV 13 (MERV ma'aunin ƙarfin tacewar filta ne) kan shaƙe iska. Gwada MERV 8 ka ga bambanci.

Sai ka kunna, ka kai fallen tishu kusa da kowace ragar da ke zuƙar iska. In ta manne, lafiya. In ta faɗo, ko kujera ta tare wurin, ko bututun ya rabu a hanya. Bi shi da tocila har ɗakin ƙasa.

Inda masu aikin gaggawa suka fi yin ɓarna shi ne mahaɗar bututun da jikin na'urar. Wani zai yanka 'yar ƙaramar ƙofa a gefe maimakon cikakken faɗin da kamfani ya zana. Wani kuma ya ɗora na'ura mai ƙarfi a kan tsohon siririn bututu, alhali manya sukan buƙaci shan iska ta ƙasa ko ta gefe biyu. Littafin na'urar ya faɗi wannan ƙarara.

Yanzu awo. Bari ta yi minti 10 tana aiki, ka auna zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, ka ɗebe na mai shiga daga na mai fita. A jikin na'urar akwai lamba da ke nuna iyakar ƙarin zafin, misali digiri 35 zuwa 65 na Farenhait. In naka ya haura, iskar ta yi kaɗan, kuma makunnin kariya ne ke kashe wutar don kada ƙarfen ciki ya tsage. Mai gyara kuma zai sa manomita ya auna matsin iska. Galibi an ƙera na'urorin ɗumama gida ne don matsin da bai wuce kusan inci 0.5 na ruwa ba, wato ma'aunin da manomita ke nunawa.

Don Allah kada ka cire murfin fanka ka bar ta tana aiki wai don ta sha iska. Tana iya janyo hayaƙin kabon monoksaid mai guba, wanda ba shi da wari, ta watsa cikin gida. Ka tabbata na'urar gano hayaƙin tana aiki.

Rubuta lambobin, ɗauki hoton mahaɗar, ka kira wanda ya kafa ta tun garanti bai ƙare ba. Ka ce masa ya zo da manomita.