Kafin ka ce wa mai gidan haya "gobe" a Nowe (Norway)

Sababbin zuwa, ku zauna mu yi magana. Maganar sanyi ba zan ɓata muku lokaci a kai ba, ku sayi rigar ulu da takalmin ƙanƙara, shi ke nan. Masallaci da shagon naman halal kuwa, 'yan uwanmu a unguwar Grønland da ke Oslo za su nuna muku tun ranar farko, don wajen karɓar baƙo ba a bar mu a baya ba.

Inda ake shan wuya shi ne yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba. Mu "zan" ɗaya ta ishe mu, zan biya, zan zo, zan tashi. Su kuwa 'yan Nowe sun rarraba abin a harshensu. "Jeg skal betale" na nufin ka yanke shawara, za ka biya, kuma mai gida zai riƙe ka da ita. "Jeg vil betale" kuwa a kunnensa "ina son in biya" ne kawai. Akwai kuma "kommer til å", ita ta hasashe ce, kamar a ce za a yi ruwa, ko kuɗin wuta zai hau. Sau da yawa ma ba sa wahalar da kansu, "jeg flytter i morgen" (zan tashi daga gidan gobe) ya wadatar, tunda an ambaci gobe.

Wani ƙanenmu ya rubuta wa mai gidansa cewa zai biya "i to uker". Nufinsa nan da mako 2, amma abin da ya rubuta "tsawon mako 2" ne. "Om to uker" ya kamata ya ce. Ga shi kuma ya haɗa da "vil". Matar da ke da gidan ta ɗauka yawo da hankali yake mata, sai da muka je aka warware. Na sha faɗa, ku nuna wa wani saƙo kafin ku tura, amma kowa gani yake ya iya.

A takardar haya kuma "skal" ba alkawari ba ce, dole ce. "Leier skal" na nufin wajibi ne a kan ɗan haya, don haka ka karanta duk layin da ta fito kafin ka sa hannu. Doka ba ta yarda a karɓi hayar gaba fiye da ta wata 1 ba, ka manta da biyan shekara irin na Kano. Kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata 6, kuma asusu na musamman ake buɗe masa da sunanka, "depositumskonto", ba a tura wa mai gida a asusunsa. Idan za ka bar gida, galibi sanarwar wata 3 ce, ana ƙirgawa daga farkon watan da ke biye. Ka rubuta ta da kwanan wata. "In sha Allahu wata mai zuwa" tsakaninmu ne, mai gida lamba yake son gani.