Yadda Ake Sa Chrome Ya Riƙa Cike Maka Fom Da Kansa

Duk wanda ya taɓa neman aiki ko tallafin karatu a intanet ya san wahalar: suna, lambar waya, imel, adireshi, ka rubuta yau, gobe ka sake a wani shafin. Chrome, Firefox da Edge duk suna iya riƙe waɗannan bayanai, su zuba maka su da taɓawa ɗaya. Ga yadda ake yi a Chrome na wayar Android.

Buɗe Chrome, ka taɓa ɗigo ukun nan da ke sama ta hannun dama, ka shiga "Settings". Nemi "Addresses and more", ka kunna maɓallin ajiye adireshi, sai ka taɓa "Add address".

A nan ne ake son natsuwa. Rubuta sunanka yadda yake a takardar NIN, harafi da harafi. Chrome kan ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan mahaifi, mu kuwa da yawanmu muna liƙa sunan gari a ƙarshe. Idan ka rufe da Funtua ko Gumel, shi za a jefa a akwatin sunan mahaifi, kuma gyaran suna bayan an tura fom ba ƙaramin yawo ba ne. Lambar waya kuma, in ka fara da +234, cire sifirin farko. Lambar gidan waya a Najeriya guda 6 ce, kada ka bar wurin fayau. Sai ka ajiye.

Daga yanzu, da ka taɓa akwatin suna a fom, bayananka za su leƙo. Taɓa su, sauran akwatunan su cika. Amma bi su da ido kafin ka tura, domin wani shafin ba a gina shi da kyau ba, sai ka ga imel ya faɗa gurbin adireshi.

Katin banki fa? Yana ƙarƙashin "Payment methods". Ni dai a kashe nake barinsa, tunda wayata ba ta rabuwa da hannun yara.

Idan wani tsohon kuskure ya ƙi daina fitowa cikin bayanan da ke leƙowa a Chrome na kwamfuta, sauko kansa da maɓallin kibiya, ka danna Shift da Delete tare, zai ɓace.

Kwamfutar kafe kuwa, ko ta ofis da kowa ke hawa, kada ka ajiye komai a kanta. Danna Ctrl, Shift da N tun kafin ka fara, shafin sirri zai buɗe, wanda ba ya riƙe abin da ka rubuta a fom. In ka manta har ka gama, danna Ctrl, Shift da Delete, ka zaɓi "Autofill form data", ka goge kafin ka tashi daga kujerar.