Yadda Ake Neman Amincewar Ma'aikatar Muhalli Kafin Gina Madatsar Ruwa

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta shekarar 1992 ta wajabta wa mai shirin gina babbar madatsar ruwa a Najeriya ya fara miƙa bayanin aikin ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Daga nan sai ya ɗauki ƙwararru su auna ruwan kogin damina da rani, su kuma gana da manoma, masunta da makiyayan da ke ƙasa da madatsar. Idan rahoton ya kammala, akan baje shi ga jama'a na tsawon kwanakin aiki 21.

Inda ya fi buƙatar kulawa shi ne kogin da ya ratsa iyaka. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Hadeja da Nguru, kuma ruwan nan ne ke gangarawa kogin Komadugu Yobe mai zubawa a Tafkin Chadi, wanda mutanen Diffa a Nijar suke noma da shi. Don haka rahoton ya fayyace yawan ruwan da za a riƙa saki, sannan gwamnati ta sanar da Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena tun kafin a kafa tubali.