Yadda Ake Auna Tsohuwar Fistol ta Soja Kafin a Ce Ta Isa ko Ta Gaza

Sojojin Amurka sun riƙe M1911 a matsayin fistol ɗinsu daga 1911 har 1985. Birtaniya ba ta sauke Browning Hi-Power ba sai a 2013, lokacin da ta koma Glock 17, Kanada kuwa sai wajen 2023 ta fara maye gurbin nata, waɗanda aka ƙera tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk rundunar da ke da irin waɗannan a rumbunta za ta fuskanci tambayar wata rana: a ci gaba da rabawa ko a sauya? Ana samun amsa ne a kan teburin mai gyaran makamai da filin harbi, kuma ga yadda ake bi.

Kada a fara da gardamar girman harsashi, don ita ce ke cinye lokacin mutane a banza. Harsashin .45 na M1911 yana da nauyin kusan giram 15, yana fita da gudun mita 250 a daƙiƙa. Na milimita 9 kuwa giram 8 ne, gudunsa wajen mita 370. Rigar sulke ta zamani tana tare dukkansu. Fistol makamin fitar da kai ne, na direba da matuƙin jirgi da hafsa, ko na sojan da babbar bindigarsa ta cije a cikin ɗaki. Abin da ake nema a gare ta shi ne ta tashi a take, a hannun mutumin da ya gaji kuma yake cikin firgici.

Matakin farko duba ƙarfe ne. A cire gidan harsashi (kwanson da ake jera harsasai a ciki), a ja murfin sama baya, a duba ɗakin harsashi (gindin bututu, inda harsashi ke zama kafin harbi) da ido, a kuma taɓa da yatsa, sannan a kwance ta. A wanke duk maiƙo, domin tsaga tana ɓuya a ƙarƙashin baƙin mai. Kowace ƙira da inda take fara gajiya. A M1911 a duba gangar jiki kusa da ramin sandar da ke tsayar da murfi. A Hi-Power a duba ƙarfen da ke gicciye a cikin ganga, wanda gindin bututu ke hawa a kai yayin harbi. Yakan yi sako-sako ko ya tsage, musamman a tsofaffin da suka sha harsashi mai zafi irin na ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu. A Beretta M9 kuwa, wadda ta gaji M1911 a sojan Amurka, fukafukan ƙarfen da ke kulle bututu da murfi su ne aka san suna karyewa. Ido kaɗai ba ya isa. Masu gyara suna shafa jan ruwan gwaji mai ratsa tsaga, su goge, su fesa farar hoda, sai layin ya fito. Ganga ko murfin da ya tsage ba a yi masa walda a mayar wa soja. An gama da shi.

Sai cikin bututu. A haska tocila daga baya: idan zanen da ke juya harsashi ya shafe, ko aka ga ƙananan ramuka kamar zanzana, bututun ya ci. Wannan ya fi yawa a Tokarev TT-33, tsohuwar fistol ta Tarayyar Soviet, saboda tsofaffin harsasanta suna barin gishiri mai jawo tsatsa in ba a wanke da ruwa ba.

Gwajin makulli ana yin sa ne bindiga ba harsashi. A ɗana M1911, a sa makullin babban yatsa, a matsa kunama da ƙarfi: kada gudumar da ke bayan bindiga, mai dukan allurar harbi, ta motsa ko kaɗan. A cire makullin ba tare da an riƙe bayan mariƙi ba, a sake matsawa. Nan ma kada ta faɗi. In guduma tana bin murfi ta faɗi da kanta lokacin da ya koma gaba, haƙoran da ke riƙe ta sun cinye, kuma bindigar na iya sakin harbi biyu a matsi ɗaya. A nan ne tsohuwar ƙira take da rauni na asali wanda gyara ba ya kawarwa. TT-33 ta soja ba ta da makullin hannu sam, sai rabin ɗanawa. M1911 ta soja da Hi-Power ta farko ba su da abin da ke tare allurar da ke dukan gindin harsashi, don haka faɗuwa mai ƙarfi a kan baki na iya tayar da su. Glock da SIG P320 ta sojan Amurka suna da wannan matari a ciki.

Kafin a je fili a sauya sifirin, a kuma tantance gidajen harsashi, in ba haka ba za a ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba. Yawancin cijewar fistol daga gidan harsashi take: leɓɓansa sun buɗe, sifirin ya mutu, ko ƙura ta cika ciki. Sojojin Amurka sun gani a Iraƙi, inda wasu gidajen harsashin M9 masu kaushin fenti a ciki suka riƙa riƙe yashi har harsashi ya kasa hawa. Wanda ke aiki cikin ƙurar hunturu da rairayin Sahel ya riƙe wannan: cikin gidan harsashi a bushe ake barin sa, ba a zuba mai. A rubuta wa kowane gida lamba, ta yadda in cijewa ta maimaitu za a san daga wanne take. Sifirin da ke mayar da murfi kuwa masu gyara kan sauya shi bayan harbi 3,000 zuwa 5,000, kuma in ba a san tarihin bindigar ba, a ɗauka ya mutu.

A fili, a zaɓi bindigogi da dama daga rumbu ba tare da tsince masu kyau ba, a harba aƙalla 500 da kowace, da irin harsashin da ake raba wa sojoji. A rubuta kowace tsayawa da irinta. Kwanso ya maƙale a tsaye a bakin taga: ƙugiyar da ke fizgo shi ta yi rauni, ko mai harbi bai ƙanƙame ba. Harsashi ya doki gangaren shiga bututu ya tsaya: laifin gidan harsashi ne. An matsa kunama, ba ta tashi ba, gindin harsashi da ɗan tabo kawai: datti a hanyar allura ko sifirin guduma ya saki. Don samun ma'auni, lokacin da Amurka ke neman wadda za ta gaji M9, gasar da SIG P320 ta ci a Janairun 2017, ta nemi matsakaicin harbi 2,000 tsakanin tsayawa da tsayawa. Tsohuwar da aka kula da ita tana iya yin abin kirki a nan. Matsalar ita ce wa zai kula da ita. Ƙugiyar M1911 da hannu ake lanƙwasa ta har ta yi daidai, kuma sassa da yawa sai an goga an daidaita kafin su zauna. Glock 17 sassanta ba su wuce talatin da 'yan kai ba, a cire tsoho a sa sabo. Kamfanin FN ya daina ƙera Hi-Power ta asali a 2018, saboda haka a tambayi inda kayan gyara za su fito nan da shekara goma.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a ba ƙaramin soja, ba gwanin harbi na bataliya ba. M1911 da Hi-Power an tsara su ne a ɗauke su a ɗane da makulli. Rundunoni da yawa ba su amince da hakan ba, sai suka umarci a riƙa yawo da ɗakin harsashi fanko, wanda ke nufin sai an sa hannu biyu an ja murfi kafin harbin farko. In hannu ɗaya ya ji rauni ko yana kan sitiyari, an shiga uku. Makullin tsohuwar Hi-Power ƙarami ne, yatsa mai gumi ko safar hannu na kuskure shi. M9 tana da nata cikas: matsin kunama na farko ya haura kilo 5, na biyu ya sauko kusan rabi, kuma harbin farko ne ake yawan zubarwa. Makarov ta Tarayyar Soviet kuwa maɓallin sakin gidan harsashinta a ƙasan mariƙi yake, sauyawa na cin lokaci. A sa agogo, a auna daga zarowa zuwa harbin farko da ya samu allo a mita 7, sannan a auna sauya gida, da rana da kuma cikin duhu.

Sabuwar ƙira ma tana neman nata horon. Glock ba ta da makullin waje, kunamarta wajen kilo 2.5 ce kullum, don haka dole kube ya zama mai tauri, ya rufe kunama ruf. Kwance ta kuma sai an matsa kunama, kuma wanda bai duba ɗakin harsashi ba zai saki harbi a bariki.

Lissafin nauyi a bayyane yake. M1911 kilo 1.1 ce ba harsashi, tana cin 7. Makarov giram 730, tana cin 8. Hi-Power tana cin 13, Glock 17 kuwa wajen giram 700, tana cin 17. Sai batun dare: sababbi suna da layin ɗaura tocila a ƙasan bututu, M17 kuma, wato SIG P320 ta sojan Amurka, an yanke mata wurin saitin jan ɗigo a kan murfi. Ana iya ƙara wa tsohuwa wasu daga ciki. Sojojin kundumbalar ruwa na Amurka sun yi haka da M45A1 a 2012, M1911 ce mai layin tocila, amma har yanzu 7 take ci, daga baya suka koma M18, ƙaramin samfurin M17.

Idan gangar jiki lafiya, makulli ya ci gwaji, kuma akwai kayan gyara, Hi-Power ko Makarov za ta iya ci gaba da aikin gadi da na ma'aikatan ofis, kuma kuɗin da ke hannu ya fi amfani a sababbin gidajen harsashi, kube mai kyau da harsashin atisaye. Masu shiga gida-gida da dare su ne za a fara sauya wa. Waɗanda suka faɗi gwaji a rataya musu alama, a rubuta lambar jikinsu a rajista, a ware su daga masu aiki, a lalata su a gaban shaidu, domin fistol da aka cire daga lissafi ba tare da takarda ba ita ce ke ɓullowa daga baya a hannun 'yan fashi.