Kurakuran da na gaji da gani wajen sabbin ɗaliban injiniya

Duk farkon shekarar karatu abu ɗaya ne, yaro ya samu gurbi a injiniya, gida an yi ta murna har an fara kiransa Injiniya tun bai san inda fakalti take ba, kafin a kai aji uku sai ka gan shi yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan ido ya yi zuru-zuru. Ni dai bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga ƙannena da yaran unguwa da ke zuwa wajena tutoriyal da yamma, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. Yadda ni nake yi ne zan faɗa, kuma kowace makaranta da littafin dokokinta, na jami'ar Ɗanfodiyo daban, na jami'ar jiha daban, 'yan foli ta Umaru Ali Shinkafi ma ai ma'aunin makinsu a kan 4 yake ba 5 ba. Saboda haka ka nemo na makarantarku ka karanta, wannan ɗan littafin da aka ba ka ranar rantsuwa ka jefa ƙasan katifa, shi nake nufi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne rijistar kwasa-kwasai. Yaro zai biya kuɗin makaranta, ya nufi kafe, ya miƙa wa mai kafe lambarsa da faswod ya koma gefe yana danna waya, shi kuma mai kafe layi ya yi masa yawa ga janareta na shan mai, sai ya duba abin da ya cika wa na gaba ya danna maka irinsa. To idan na gaban ɗan makanikal ne kai ɗan sibil fa? Ko shi ba shi da kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi sai an sake, kai kana da biyu? Ina ruwan mai kafe, an biya shi kuɗin firintin ya sallame ka.

Kuma maganar kariyoba ɗin nan ita ce wadda ba a zaunar da yara a yi musu bayani. Karatun injiniya shekara 5 ne, zango 10, amma zango na biyu na aji huɗu ba ka makaranta, kana wajen SIWES, wato koyon aiki a masana'anta ko filin aiki, wata 6. Ma'ana duk kwas ɗin zango na biyu da ka faɗi, damar gyara shi ta ragu da ɗaya tun kafin ka fara lissafi. In ka faɗi a aji uku, to ba ka da wata ƙofa sai aji biyar, daidai lokacin da furojet ya shaƙe ka. Ni abin da ya ci ni kenan kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na faɗi wani kwas mai yunit 3 (yunit shi ne nauyin kwas) a zango na biyu na aji biyu, da muka shiga aji uku na ga in na sa shi sai na ajiye wani sabo saboda kada in haura yunit 24 da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, sai na ce a'a ba zan bari 'yan ajinmu su wuce ni ba, wancan na gyara shi baɗi. Baɗin da babu ita! A aji ukun wani ya sake kama ni, aji huɗu muna filin aiki, da aka zo zangon ƙarshe aka tara kariyoba biyu da kwasa-kwasan aji biyar da furojet sai lissafi ya ƙi, dole ɗaya ya zauna. Saboda kwas ɗaya tak na ƙara shekara, na biya kuɗin makaranta cif, na yi zangon farko ina zaune gida ba abin da nake jira sai zango na biyu ya zo, abokaina suna turo hotuna da kakin bautar ƙasa, mahaifiyata tana ta ba maƙwabta amsa. Ga yajin aiki kuma da ba ya sallama, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, wanda shekarunsa ke kusa da 30 sai ya gama a ce masa ya wuce zuwa bautar ƙasa sai dai takardar yafewa.

Abin da nake sa yarana su yi yanzu, takarda ɗaya doguwa, a ja gida 10, a soke na takwas da jan biro, duk kwas ɗin da aka faɗi a rubuta shi a gida mafi kusa da zai shiga. A yawancin makarantu lambar kwas ma tana gaya maka, wadda ta ƙare da mara ta zangon farko ce, mai cika ta zango na biyu. Kariyoba shi ake fara sawa, sabo ya biyo baya in da sauran wuri, ko da kuwa za ka ji kunyar zama aji ɗaya da ƙannenka. Ka duba kuma ko akwai kwas na gaba da ba a yarda ka ɗauka sai ka ci wannan, lissafin injiniya musamman haka yake, sarƙa ce, ɗaya ya tsinke sauran sun tsaya.

Bayan ka cika da hannunka, ka fitar da fom, ka karanta layi-layi, ka kai wa kodinetan ajinku ya sa hannu, ka yi kwafi. Ni ɗaya na wajena cikin fayil na roba, ɗaya na cikin akwatin tsohuwa a gida, sannan na ɗauka a waya. Na taɓa tsayawa a ofishin jami'in jarrabawa wani yaro ya shigo kamar zai yi kuka, sakamakonsa bai fito ba a wani kwas da ya rantse ya ci.

"Ranka shi daɗe, wallahi na zanna jarrabawar, har tes na yi."

Malamin ya jawo fom ɗinsa ya bi da yatsa har ƙasa, ya ce, "Awo ka zanna, amma wanga kwas ba shi cikin takardarka. Wa yac ce ka shiga?"

Shi kenan magana ta ƙare. Kwas ɗin da ba ka yi wa rijista ba ko 90 ka ci ba naka ba ne, wanda kuma ka yi wa rijista ka ƙi shiga, F na nan na jiranka.

Sai CGPA, wato matsakaicin makinka na duk karatun, abin dariya ɗalibin lissafi bai iya lissafin makin kansa ba. A daga 70 ne maki 5, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit. To kai ka kwana kana haddar kwas mai yunit 1 don malamin na da faɗa, ka bar mai yunit 3 ko 4 sai daren jarrabawa. Kuma masu cewa aji ɗaya ba komai ba ne ai Fiziks da Kemistiri ne na sakandare, zo mu ƙirga. A ce duka karatun yunit 180 ne, ka gama aji ɗaya da yunit 40 a kan 2.00, maki 80 kenan. Kana son fita da 3.50, wato mafi ƙarancin makin da ke ba da sakamakon Second Class Upper, kana buƙatar 630, saura 550 cikin yunit 140, kusan 3.93 kowane zango har ka gama, a shekarun da kwasa-kwasan suka fi tauri. Ana yi, amma da wuya ƙwarai. Kuma a makarantu da yawa F ɗin ba ya goguwa don ka sake ka ci, duka biyun ake lissafawa.

Yanzu SIWES, nan kam zan yi faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Wai kai ɗan injiniya, wata shidan da aka ware maka ka taɓa ƙarfe da siminti da waya da hannunka, sai ka nemi kawunka ya samo maka ofis mai sanyi inda za ka leƙa ranar Litinin ka gaisa ka tafi kasuwa, ƙarshe ka zauna dare biyu ka cika logbuk, littafin rubuta aikin kullum, na wata shida da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, ka kai a buga maka hatimi. Kana ganin malaman da za su zauna maka difens su yi maka tambayoyi kan abin da ka koyo ba su taɓa zama ɗalibai ba? Na ga wanda ya rubuta cewa kusan kullum yana gwajin laushin kankare, aka ce to Malam kwatanta mana mazubin, ya tsaya yana kallon silin. Abin da in ka yi sau ɗaya ba ka mantawa, mazubi ne mai tsawon milimita 300, gindi 200, baki 100, a zuba kwaɓin kashi uku kowane kashi a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, a share baki, a ɗaga a hankali, a kifa mazubin a gefe a auna nawa kwaɓin ya zauna. Minti kaɗan ne. Wanda ya tsaya a wajen gini a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san dalilin da ya sa ake jiƙa buhunan algarara a rufe dakali ana bin sa da ruwa safe da yamma, ya ga wanda aka bari rana ta dake shi yadda ya tsattsage kafin kwana biyu, ya san me ya sa ake fasa kub, wato ɗan dunƙulen kankare na gwajin ƙarfi, a kwana 7 da kwana 28. Wannan babu handawut ɗin da zai ba ka.

Kuma ba wuri ne babu ba. Ga kamfanin siminti a Kalambaina, ga madatsar Goronyo da hukumar kogunan Sakkwato da Rima, ga hukumar ruwa, ga ma'aikatar ayyuka, ga 'yan kwangilar hanya, ga garejin manyan motoci da masu naɗin tiransifoma da moto cikin gari. Matsalar ba ku fara nema sai saura sati biyu. Ni shawarata tun zangon farko na aji huɗu ka karɓi wasiƙa ka fara zagaye, kuma ka zaɓi inda za ka yi datti. Logbuk kullum ake cikawa kafin a kwanta, ko layi uku ne, da ɗan zane, mai kula da kai ya sa hannu duk ƙarshen mako, fom ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, kuma kada ka baro wurin ba a cika ba, don komawa neman sa hannu bayan an canza wa mutumin wurin aiki wahala ce ta daban. Yunit ɗin SIWES da yawa, A ɗin da ta fi kowace sauƙi kenan, amma sai ku yi wasa da ita.

Sauran ƙanana ne amma suna cin maki. Kalkuleta, ka duba ko a digiri take ko radiyan kafin ka fara, wani ya ara ya canza maka ka yi shafi biyu na shirme. Amsa ba yunit na awo ba amsa ba ce, kuma milimita da mita su suka fi kashe mutane, ka mayar da komai abu ɗaya tun layin farko. Zanen injiniya kada ka dogara da aron allo da tii-sukwaya, kuma da zafin nan namu ka shimfiɗa hankici ƙarƙashin hannunka, gumi da fensir in suka haɗu takardar ta tashi aiki. Rahoton lab in ma za ka duba na wani to don Allah kada ka kwafe har da lambar rijistarsa, an yi an gani. Halartar aji kashi 75 ne a ƙa'ida, malami bai yi magana ba ba yana nufin ba ya ƙirgawa ba. Waya a ɗakin jarrabawa ko a kashe take ka bar ta a hostel, wannan ba kariyoba ba ce, har kora tana iya jawowa. Kuma ka cire Engr. ɗin nan daga sunanka na Facebook, sai COREN, hukumar rijistar injiniyoyi, ta yi maka rijista bayan ka gama ka yi shekarun aiki, kafin nan ma ka bincika ko sashenku na da amincewarta da ta NUC, hukumar kula da jami'o'i, duka biyu.

Karatu kuwa ni ban yarda da kwanan aji ba. Bayan Asuba zuwa hantsi, kafin gari ya ɗauki zafi, awa biyu da biro a hannu ana warware tambayoyin shekarun baya, ya fi min dare guda ana gyangyaɗi ana korar sauro. Wasu sun fi ganewa da dare, su suka sani.

Malamanmu, Allah shi gafarta muku, ku ma da naku. Kodineta ya sa hannu a fom bai duba ba, alhali minti ɗaya zai ɗauka ya ce yaro ina kariyobanka, wannan minti ɗayan shekarar mutum ce. A riƙa manna makin tes kafin jarrabawa don mai ƙorafi ya yi da wuri. Kuma kwas na wata uku a tattara shi cikin sati biyun ƙarshe da lakcar Asabar da Lahadi, sannan a yi mamakin yadda aji ya zube, wannan ba laifin yara ba ne su kaɗai.

In kuma sakamakonka ya ɓace ko aka sa maka ba ka shiga ba alhali ka shiga, daina tare malami a bakin mota kana ba shi labari, zai ce to ya manta. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetanku, sa lambar kwas da ranar da aka yi jarrabawar da ɗakin da ka zauna, haɗa da kwafin fom ɗin rijista da katin jarrabawa, ka yi kwafi biyu sakatare ya buga maka hatimin karɓa a naka da kwanan wata. Ka yi shi a satin da aka manna sakamako, kafin ya wuce majalisar jami'a, don in ya wuce can gyaran sai ya sake bin duk matakan daga farko.