Dabara ga masu koyon Sifaniyanci da girma

'Yan'uwa mazauna Sifaniya, ku ajiye haddar jadawalin aikatau tukuna.
Ku riƙe "voy a", ku ɗora aikatau yadda yake a ƙamus.
Voy a comer, zan ci. Voy a trabajar, zan yi aiki. Tamkar "zan" ɗinmu ne.

Wata shida na yi a Balensiya ina hadda, bakina ya ƙi buɗewa. Da na kama wannan, sai ga ni ina ciniki a kasuwa.

Na abin da ya wuce kuma: he comido, na ci.
Amma an fi faɗinsa kan lokacin da bai ƙare ba, kamar yau ko wannan makon. In jiya ce, ayer, sai ku ce comí.
A Meziko ma comí suka fi faɗa, ko da yau aka ci.