Yadda za ki yi wa 'yarki maganar balaga tun kafin waya ta riga ki

Yawancinmu dai ranar da muka fara ganin jini abin da aka ce mana shi ne "to yanzu kin girma, duk namijin da ya taɓa ki ciki za ki yi", shikenan an gama. Sai yarinya ta dinga firgita in hannun ɗan adaidaita ya gogi nata wajen karɓar canji, ranar da ta gano ba haka ba ne kuma ta daina yarda da maganarki, ta koma wajen ƙawaye da TikTok.

Ki fara da wuri. Balagar mace tana somawa tsakanin shekara 8 zuwa 13, ƙirgar dangi ce ke fara fitowa, bayan kamar shekara 2 al'ada ta biyo. Da kin ga ƙirji ya fara tasowa to lokaci ya yi. Kuma ba sai kin kira ta ɗaki kin rufe ƙofa kamar ta yi laifi ba, lokacin kitso ya fi, kanta na kan cinyarki ba kwa haɗa ido, kunyar ta ragu.

Ki faɗa mata jinin kan yi kwana 2 zuwa 7, a shekarun farko yana iya tsallake wata ko ya zo da ciwon mara, ba cuta ba ce ba aljanu ba ne. Ki nuna mata yadda ake saka audugar mata da hannunki, in ƙunzugu ne ta wanke da sabulu ta shanya a rana, ba ta cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa ba. Wankan tsarki ma ki koya mata a aikace, haddar Ahalari a Islamiyya daban, iya yi daban.

Maganar maza kuwa gaskiya za ki faɗa, ciki ta saduwa ake samunsa. Sannan ki ce mata ba wanda yake da ikon taɓa jikinta ko neman hotonta a waya, ko ɗan uwa ne ko mai koyar da ita, in ya faru ta zo gare ki ba duka ba zagi. Wannan alƙawarin fa ki cika shi, don sau ɗaya kika yi mata ihu ba za ta ƙara kawo miki ba.

In 'yar fari ce nauyinta ya hana ki, ki sa gwaggonta ko yayarki. Ai Ummu Sulaim da bakinta ta tambayi Annabi (SAW) hukuncin mace in ta yi mafarki, ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya.

Yaro namiji shi ma baba ko kawu ya zaunar da shi kan mafarki da wankan janaba, balagarsu takan soma daga shekara 9 zuwa 14. In nononsa ya ɗan kumbura a ce masa kar ya matse, da kansa yake sacewa.